Tsohon injin huda da garanda na hannu: a saya ko a haƙura?

Tambaya: Ni kafinta ne a Zariya, bara na kammala koyon aiki. Na ga injin huda Bosch na hannu a kasuwar Panteka ta Kaduna, kuɗinsa kusan ɗaya da na wani sabo marar suna. Wanne zan ɗauka?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ni dai tsohon zan ɗauka, amma sai ya ci jarrabawa a gabana tukuna. Dalilina shi ne inji mai asali, irin su Bosch, Makita da DeWalt, ana samun kayan gyaransa, marar suna kuwa ranar da ya tsaya sai dai a sayar wa 'yan gwangwan. Idan Bosch ɗin shuɗi ne, na masu sana'a ne. Koren an yi shi ne don ɗan aikin gida, ba zai jure wunin shago ba.

Kafin ka bari a jona shi, karanta ɗan allon da ke manne a jikinsa. Wutarmu a Najeriya da Nijar tsakanin 220V ce zuwa 240V. Kayan Amurka 120V ne, na Japan 100V, kuma injinan da ake aiki da su a wuraren gini a Ingila yawanci 110V ne, masu zagayayyen fulogi rawaya. Wasu masu sayarwa sukan yanke fulogin su sa irin namu. Na taɓa tsayawa a wani shago ana jona irin wannan: injin ya yi wani irin ihu kamar zai tashi sama, sai hayaƙi ya biyo ta ramukan iska, wari ya cika shagon, minti ɗaya bai cika ba ya mutu. Idan ka ga 110V, ko dai ka haɗa da taransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya fi na injin, ko ka bar musu kayansu. Idan kuma an kankare allon, kada ma ka tsaya ciniki.

To, ya tsallake wannan, a kunna shi ya yi minti biyu ko uku, ba ƙyas ɗaya a kashe ba. Leƙa ta ramukan baya. Ɗan tartsatsi kaɗan a bakin kabon, wato 'yan guntayen gawayin nan biyu da ke kai wuta ga sashen da ke juyawa, ba komai ba ne. Amma in wuta tana zagaye jan ƙarfen da kabon ke gogawa kamar zobe, to amecha ce, wato sashen nan da ke juyawa a cikin inji, ta kusa tafiya, kuma ita ce mai tsada. Sansana shi. Sannan ka cire shi daga wuta, ka kama kan da ke riƙe bakin huda ka girgiza. In yana lilo, boris ya cinye. Tafi da guntun katakonka mai tauri ka huda a gabansu, domin inji da yawa lafiya lau suke juyawa sai sun haɗu da aiki.

Tambaya: Walda nake yi a Kano. Garandata ƙarama, ta yanka da goge ƙarfe, ta fara tartsatsi tana rage ƙarfi, wani lokaci sai na bubbuga ta take tashi. An ce in yar in sayi sabuwa.

Amsa: Maigida, kada ka yar. Injin da sai an bubbuga yake tashi, galibi kabon ne ya ƙare, kuma yana cikin mafi arahar kayan gyara. A canza duka biyun lokaci guda, daidai girman na asali. Kada mai gyara ya goge babba ya cusa da ƙarfi, zai maƙale a gidansa. Tunda an buɗe, a hure ƙurar ƙarfen da ta taru a ciki, a wanke tsohon giris ɗin kai a sa sabo ba tare da an cika shi maƙil ba, a duba waya daidai inda take shiga jikin inji, nan ta fi karyewa ta ciki.

Idan amecha ce ta ƙone, ban cika son a sake naɗa mata waya ba. Ƙaramar garanda tana juyi kusan 11,000 a minti, naɗin hannu kuwa da wuya nauyinsa ya daidaita, sai injin ya riƙa rawa yana cin boris. Kwafi lambar injin ka nemo amecha sukutum a Sabon Gari. Koyil ɗin da ba ya juyawa, wannan mai naɗi nagari zai iya yi maka.

Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya, kuma sai na faɗa. Ina ganin yara a shaguna an cire wa garanda marfin kariya don a ɗaura mata babban faifai. Faifai mai inci 9 iyakarsa wajen juyi 6,600 ne a minti, ƙaramar garanda kuwa kusan 11,000 take yi. In ya tarwatse a kan ƙaramin inji, fuska da wuya yake nufa. Garanda ta hannu da ba ta da marfi, sai ka nemo mata kafin ta taɓa ƙarfe, yaronka kuma ka saya masa gilashin ido.

Tambaya: An ba ni injin huda mai batir kyauta, amma batirin ba ya riƙe caji.

Amsa: Malam, fara tambayar kuɗin batir da caja kafin ka kashe ko sisi a kansa. In an rubuta NiCd a jiki, tsohon yayi ne, samun sabonsa wahala, wanda za ka samu ma ya daɗe a ajiye. In Li-ion ne mai 18V na kamfani sananne, ya cancanci a saya masa batir. Wanda ya kumbura ko yake zafi a caja, fitar da shi daga ɗaki yau, kada ya kwana kusa da katako.