Buhunan shinkafar Garwa: yadda ake tsara gwajin matsakaici

Ƙanena, ka ce wani dillali a kasuwar Garwa yana cewa buhunansa kilo 50 ne, kai kuma kana zargin ba su cika ba, kana so ka san yadda za ka tsara gwajin.

Fara da maganar dillalin, ita ce H0, wato maganar da ake gwadawa: matsakaicin nauyin duka buhunan 50 ne. Zarginka shi ne H1: bai kai 50 ba. Ka rubuta su tun kafin ka ɗora buhu ko ɗaya a sikeli. Nan ɗalibai suke zamewa.

A ce ka auna buhu 25, matsakaicinsu ya zo 48.8, ma'aunin warwatsuwarsu (wato yadda nauyin buhunan ke nisa da matsakaicin) kuma 3. Tushen 25 shi ne 5 (domin 5 sau 5 ne 25), ka raba 3 da 5, ka samu 0.6. Gibin da ke tsakanin 48.8 da 50 shi ne 1.2; idan ka raba shi da 0.6, ka samu adadin da ake kira t, ya zama -2 tunda 48.8 ƙasa da 50 yake. Gwajin t za ka yi, tunda warwatsuwar daga buhunan da ka auna ka samo ta.

Duba jadawalin t a layin 24, wato 25 ban da ɗaya, a matakin kashi 5 cikin ɗari, wato haɗarin da ka yarda da shi na ƙaryata dillalin alhali gaskiya ya faɗa. Tunda ƙasa da 50 kawai kake zargi, gefe ɗaya za ka duba: iyakarsa -1.711 ce, ka wuce ta, sai ka yi watsi da H0. Amma da H1 ɗinka “ba 50 ba ne” kawai, gefe biyu za ka duba, iyakar -2.064 ce a ƙasa da 2.064 a sama, ba ka wuce ta ba, kuma dillali ya sha! Awo ɗaya, hukunci biyu.

Kada dai ka bari dillalin ya zaɓo maka buhunan da za ka auna.