Tambayi Likita: Daga Tukunya Zuwa Man Shafawar Yara

Assalamu alaikum. Tambayoyin wannan makon galibi na iyaye mata ne, kan girki da gyaran jiki da inda za a kai yara lokacin hutu. Akwai ɗaya da ta tsaya mini a rai, ita zan fi daɗewa a kai.

Likita, ina jefa kanwa a wake da miyar kuɓewa kusan kullum. Da matsala? (Uwargida, Zariya)

Ɗan kaɗan jefi-jefi ba laifi, amma kullum ya yi yawa. Kanwa 'yar'uwar gishiri ce wajen tayar da hawan jini, ga dunƙule kuma kin zuba. Gishirin da babba ke buƙata a yini bai kai cikin ƙaramin cokalin shayi ɗaya ba, wato ƙasa da giram 5. A garinku ma likitoci suka yi bincike tun shekarun 1970 suka danganta yawan shan kunun kanwa da wankan jego mai tsananin zafi da ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Ki jiƙa wakenki ya kwana, zai nuna da wuri. Kuma ki riƙa zuwa ana auna jininki.

Maƙwabciyata ta ce in sa ƙwayar farasitamol a tukunyar ganda ko ƙafar saniya don ta yi saurin laushi, a rage cin gas.

Inna lillahi! Kada ki kuskura, Hajiya. Magani ne fa, ba kayan miya ba, kuma yawansa hanta yake kashewa. Hukumar NAFDAC ta sha jan kunne a kai. Kuɗin gas ɗin da kika rage ba zai biya kwana ɗaya a gadon asibiti ba. Ki yanka ɗanyar gwanda ki cuɗa da naman ya ɗan jima kafin ki ɗora, akwai sinadarin da ke tausasa nama a cikinta. Ita ma maƙwabciyar ki faɗa mata ta bari.

Jaririna wata huɗu, kakarsa tana lasa masa zuma saboda tari.

A dakata sai ya cika shekara. Zuma kan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri bai iya kashewa ba, gubarta tana saki jiki har numfashi ya gagara. Nono zalla har wata 6, ko ruwa ba a ba shi. In kika ga ya daina tsotso da ƙarfi, kukansa ya yi rauni, wuyansa ya saki, ko ya kwana biyu zuwa uku bai yi kashi ba, ku tafi asibiti a ranar. Tarin ma a kai shi a duba. Ki yi wa Iya bayani da ladabi, ba da mugunta take yi ba.

Likita, na sayi haɗin mai na "oganik" a wurin wata mai talla a Instagram. Ta ce kurkum ne da karas da madara da man kaɗanya kawai. Wata biyar ke nan ina shafa wa 'yata mai shekara 3. Cikin sati biyu ta yi haske, amma yanzu jijiyoyi sun fito raɗa-raɗa a kumatunta, fuskar ta yi suntum, in na daina kwana biyu sai ƙuraje su feso. Dangin babanta duk farare ne, ita ce ta ɗauko ni, kullum ana yi mata gori. (Wata uwa, Kano)

'Yar'uwa, na gode da kika faɗi gaskiya, don da yawa sai an yi ta tambaya kafin su amsa cewa suna shafa wa yaro wani abu. Ki kai yarinyar nan wurin likitan yara ko likitan fata cikin satin nan, ki tafi da robar man a jakarki.

Kurkum da karas da madara ba sa sauya launin mutum cikin sati biyu. Ko shekara za ki yi kina shafawa ba za su yi ba. Duk haɗin da ya yi wannan aiki da irin wannan sauri, to an zuba masa wani abu da ba a faɗa miki ba. Abubuwa uku aka fi zubawa.

Na farko shi ne sitiroyid, irin su kulobetasol da betametason, waɗanda ke cikin 'yan tuf-tuf ɗin da ake saya a kemis a matse cikin man kaɗanya a juya. Magunguna ne na gaske, mu ma muna rubuta su, amma na 'yan kwanaki, a kan ɗan wuri, don wata cuta da aka gano. In aka daɗe ana shafawa sai fata ta yi siriri har jijiyoyi su bayyana, nankarwa ta fito, ƙyasbi da makero su samu gindin zama, ciwo kuma ya ƙi warkewa. Abin da kika kwatanta a kumatun 'yarki ya yi kama da wannan sosai. Fatar yaro ta fi ta babba shan abu, saboda haka maganin ba a waje yake tsayawa ba, yana shiga jini. Daga nan fuska ta kumbura ta yi zagaye, mutane su ce "ma sha Allah ta yi ƙiba," alhali cuta ce. Tsawo yana iya tsayawa, garkuwar jiki ta yi rauni, sukari da hawan jini su biyo baya a jikin 'yar shekara 3.

Ga inda nake so ki natsu. A saman kowace ƙoda akwai wata 'yar halitta da ke samar wa jiki nasa sitiroyid ɗin na asali. In ta ga ana kawo shi daga waje wata da watanni, sai ta rage aiki. Shi ya sa yaron da aka daɗe ana shafe masa jiki duka, cire man rana ɗaya yana iya jefa shi cikin haɗari. Likita ne zai duba ya tsara yadda za a janye a hankali. Ƙurajen da ke fesowa in kin daina ba alama ce ta cewa fatarta tana buƙatar man ba, alama ce ta cewa ta saba da shi, kuma za su lafa in an bi hanyar da ta dace. Idan ta fara amai, ko ta yi laƙwas ba ƙarfi, ko zazzaɓi ya kama ta, kada ki jira ranar asibiti, ku tafi ko da tsakar dare ne, ki faɗa musu abin da ake shafa mata.

Na biyu haidurokwinon. Da farko ya haska, daga baya ya bar baƙin tabo mai kauri a kumatu da goshi, wanda wani har abada ba ya goguwa. Na uku zaiba, kuma ita ta fi ba ni tsoro, don ƙoda da ƙwaƙwalwa take taɓawa. Uwa mai shafa ta tana iya ba ɗanta ta cikin mahaifa ko ta nono, har tawul da zanin gado suna ɗauka.

Ba ke kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin ɗari na matan Najeriya suna amfani da man ƙara haske, kuma a 2023 NAFDAC ta ayyana bilicin a matsayin matsalar lafiya ta gaggawa a ƙasa. Amma babba da ta shafa ita ta zaɓa wa kanta. Yarinya fa? Abin da ke ƙona mini rai shi ne yadda kalmar "oganik" ta zama lasisi. Roba ba suna, ba jerin abin da ke ciki, ba lambar rajista, an dama a ɗaki da muciya, an ɗora a waya da hoton jaririn wasu. Ki tambayi mai sayarwar me ta zuba, za ta ce sirrin sana'a ne. Sirrin da za a shafa a jikin 'yarki?

Masu jarirai ma su ji: yawancin jariranmu da haske ake haifarsu, cikin watannin farko launinsu na gaskiya yake zama. Ba dishewa ya yi ba, ba laifin sabulu ba ne ko rana, babu abin da za a "maido." Duhun fatar ma kariya ne daga zafin ranar da muke ciki.

Batun gori kuwa, na san yana da ciwo, kuma na san daga cikin gida yake fitowa. Wannan aikin babanta ne. Ki zaunar da shi, ki nuna masa kumatun, ya tsawata wa 'yan'uwansa. In da hali ku je asibitin tare ya ji da kunnensa. Bayan likita ya gama nasa, man kaɗanya zalla ko man kwakwa ko basilin sun ishe ta, da sabulu marar ƙarfi. Ina sake faɗa: satin nan, kuma da robar a hannu.

Ina goga lemon tsami a fuska saboda ƙuraje, sai zafi da baƙi-baƙi.

Ki bari. Ruwan lemon tsami in ya haɗu da rana ƙona fata yake. Ki wanke fuska sau biyu a yini, ki daina matsa ƙurajen, in sun ƙi ki ga likita.

Ruwan zafi ya zubo wa ɗana a hannu ina girki, na shafa makilin da ɗanyen ƙwai. Na yi daidai?

A'a, baiwar Allah. Makilin, ƙwai, manja, gishiri, baƙin mai, gashin zomo, duk mun gani, kuma duk sai mun kankare su kafin mu fara aiki, yaro yana ihu. Ruwa mai sanyi na famfo ko na randa za ki yi ta kwarara wa wurin har minti 20, ban da ƙanƙara. Ki cire riga da zobe in ba su manne ba, ki rufe da tsumma mai tsabta, kada a fasa bororon. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron, ko ta taɓa fuska, yatsu, gaɓa ko al'aura, ta asibiti ce. Naki a hannu yake, ki kai shi yau. Kuma tukunya ta daina zama a ƙasa inda mai rarrafe zai kai.

Ba ni da kuɗin wurin wasa, sai in kai yara bakin dam su yi wanka. Babban, ɗan shekara 11, yana fitsari da jini a ƙarshe, amma an ce alamar girma ce. (Magidanci, Bagwai)

Malam, namiji ba ya balaga da jini. Tsargiya ce mafi yawa. Tsutsarta tana rayuwa a jikin ƙananan dodon koɗi na ruwan dam da tafki da kududdufi, ta huda fata ta shiga lokacin wanka. In aka bar ta shekaru tana lalata mafitsara da ƙoda, har takan kai ga sankarar mafitsara. Maganinta furazikwantel, ana auna shi da nauyi ko tsawon yaro, kuma akan raba shi kyauta a makarantu. Ka kai shi a gwada fitsarin, ƙannen ma a duba su ko ba su nuna komai ba. Ga kuma nutsewa, wadda ba ta ba da lokaci. Ranar da kuka shiga Kano ka kai su Gidan Zoo ko Gidan Makama. A gida kuwa, fili da ƙwallo bayan la'asar ya wadatar.

In za mu fita da yara, shinkafar jiya da na ɗumama za ta yi guzuri?

In ta kwana a firji kuma kika ɗumama ta har tana tururi, a ci da wuri. Wadda ta kwana a tukunya cikin zafin nan a haƙura da ita, don gubar da ke taruwa a cikinta wuta ba ta kashe ta. Ki riƙe ruwan sha daga gida da sabulun wanke hannu. Wanda gudawa ta kama, a haɗa masa ruwan gishiri da sukari na fakiti a cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, a ba shi zinki kwana 10. In idonsa ya faɗa, ko ya ƙi sha, ko aka ga jini a kashin, a wuce asibiti.