Furen ayiris a bakin ruwa: wanne zai rayu a Zariya?

Tambayar farko daga wata baiwar Allah ce a Hanwa. Ta ce: "Mun gina ɗan tafki na siminti a tsakar gida, gefensa kullum a jiƙe yake. Na ga hoton furen ayiris shuɗi da ruwan hoda a bakin ruwa, mai tallar a Instagram ta ce za ta kawo min irinsa daga waje. In saya?"

Hajiya, kafin ki tura ko sisi, ki tambaye ta wane ayiris ne. Dangin nan yana da yawa, ya kai kusan iri 300, kuma ba duka ke son ruwa ba. Wanda aka fi yaɗa hotonsa, mai ɗan gashi-gashi a kan leɓen furen, busasshiyar ƙasa yake so. Kika sa shi a jiƙaƙƙen wuri, saiwar za ta ruɓe ta yi wari tun damina ba ta yi nisa ba.

Masu son ruwan ma sai an tace. Na Japan da na Saberiya suna da kyau ƙwarai, amma sai sun yi watanni suna barci cikin sanyi mai tsanani kafin su yi fure. Hunturunmu, duk da karkarwar da muke yi da asuba a Janairu, rana na ɗagawa zafi ya dawo. Wannan bai ishe su ba. Za ki yi ta ban ruwa kina kallon ganye. Wanda ya fi kusa da jure yanayinmu shi ne na jihar Luwiziyana, ɗan fadamun kudancin ƙasar Amurka, inda ake zafi da laima. Yakan yi girma lokacin sanyi ya lafa lokacin zafi. Shi ma furensa a nan sai an dace, don haka in zuciyarki ta kafe a kansa, ki sayi biyu ko uku na gwaji, kada ki cika gefen tafki da shi.

Ki kuma guji ƙwayar iri. Waɗannan masu launi kala-kala aure aka yi musu, 'ya'yansu ba sa fitowa kamar uwar, kuma sai shekara biyu zuwa uku kafin su yi fure. Saiwa ake saye. Ita ma saiwar, shigo da ita ƙasar nan sai da izinin hukumar NAQS mai tantance tsirrai da dabbobi. Mai talla da ba ta taɓa jin sunan hukumar ba, ni dai ba zan ba ta kuɗina ba.

Da ni ce ke, wajen masu sayar da furanni na bakin titi zan nufa, in ɗauki abin da na gani da idona yana raye cikin ranar garin nan. Ki je da hoto a waya, don ba kowane mai lambu ya san sunayen ba. Ki nemi Dietes, ɗan'uwan ayiris ne daga kudancin Afirka, ganyensa siriri tsaye, furen fari da ɗigon rawaya da shuɗi a tsakiya. Yana jure zafi, yana jure fari, yana son ƙasa mai danshi amma ba ya zama cikin ruwa. In gefen tafkin inuwa ce, akwai Neomarica daga ƙasar Burazil: bayan furen ya faɗi, ɗan tsiro kan fito a kan sandar, nauyinsa ya sunkuyar da ita ƙasa, ya kafa saiwa a wurin. Furen wuni ɗaya yake yi, amma wani na biye da wani. Inda kuma ƙasa ta zama taɓo sosai, shukar fure mai faffaɗan ganye da ake kira kana (Canna) ita ce sarauniya, ja da rawaya da ruwan goro, ga arha.

In kin je saye, kada ki tsaya a ganye. Ki sa mai lambun ya zare ledar. Saiwar mai kauri ce kamar citta. Ki danna ta da yatsa, in ta lotsa ko kika ji tsami, ki mayar. Fararen jijiyoyi sababbi su ne shaidar lafiya.

Wanda zai shiga cikin tafkin, a tukunya za ki dasa shi, da laka mai nauyi irin ta fadama, ki rufe samanta da tsakuwa don kada ta dame ruwan. Ki ɗora tukunyar a kan bulo yadda ruwa ba zai wuce santimita 5 a kan saiwar ba. Sabon siminti yana sakin sinadarin farar ƙasa cikin ruwa, shi kuwa na Luwiziyana ba ya shiri da wannan, ganyensa kan yi ɗorawa. Ki cika tafkin ki zubar sau da yawa kafin ki sa komai, kuma kada ki zuba masa toka. Dietes da kana a dasa su da faɗuwar damina, wajen Yuni. Na Luwiziyana sai ƙarshenta, Satumba zuwa Oktoba.

Abu na ƙarshe, Hajiya: ki yi lissafin Maris da Afrilu, ba na Agusta ba. A Agusta kowa mai lambu ne. In a bazara da 'yan garuwa kike dogara, ki rage yawan abin da za ki dasa.

Wani bawan Allah mai kiwon tarwaɗa a wajen Shika ya ce inda yake zubar da ruwan kifi ya zama taɓo, abokinsa ya ba shi shawarar ayiris mai rawayan fure saboda an ce yana tace ruwa. Yana da awaki a gonar.

Malam, gaskiya ne yana tsotse dattin ruwa, a Turai ana amfani da shi don haka. Amma kada ka kawo shi. Saiwarsa da ganyensa guba ne ga dabbobi. Sannan 'ya'yansa suna yawo a kan ruwa, duk inda suka tsaya su kafa dandazo. A sassan Amurka da Afirka ta Kudu an sa shi cikin jerin tsirrai masu mamaye. Ruwan gonarka ba a gonarka zai tsaya ba, rafi zai bi. Ka tambayi mutanen Haɗeja da Nguru yadda kacala ta toshe musu hanyoyin ruwa da gonakin fadama, za ka fahimci tsorona.

Ruwan kifi taki ne, kada ka yi asararsa a kan ado kawai. Ka sa gwaza a tsakiyar taɓon, rake a bayanta, ka jera jema a bakin ramin don ta riƙe ƙasa. In uwargida na son fure, a ƙara furen kana a gefe. Sai ka yi shinge, don awaki ba za su bar maka ko ɗaya ba.

Wata ɗaliba a Samaru kuma tana tambaya ko tafkin ado ba zai tara sauro ba.

Zai tara, ƙanwata, in ruwa ne kwance babu kifi. Ki saka 'yan ƙananan karfasa, su za su cinye tsutsar. Inda sauron ya fi samun sakewa ma shi ne faranti da ake sawa ƙarƙashin tukunyar fure. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi mako ɗaya zuwa kwana goma ba a zafinmu, don haka ki riƙa juye shi duk bayan kwana uku. In kuma akwai mai rarrafe a gidan, a rufe tafkin da ragar ƙarfe mai ƙwari, komai rashin zurfinsa.