Ku Tambaya Mu Amsa: Husufi, Ɗigon Shan Inna da Batun Jibrin na Sudan

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Bayan husufin watan da aka yi kwanakin baya, wani mai wa'azi a unguwarmu ya ce zunuban mutanen gari ne suka jawo shi, kuma hujjarsa ita ce ba a yi mako biyu ba sai da wani babban attajirinmu ya rasu, kasuwa kuma ta yi gobara. Ɗana da ke sakandare ya ce inuwar ƙasa ce ta faɗa kan wata, har ma an san ranar tun da daɗewa. Na tsawata masa, amma zuciyata ba ta kwanta ba. Shin yaron nan ja yake yi da addini?
Daga wani magidanci, Gusau.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Alhaji, ka kwantar da hankalinka, domin a kan wannan batu yaron naka ya fi mai wa'azin kusa da abin da ya inganta daga Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. A shekara ta 10 bayan Hijira rana ta yi husufi a ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah ya rasu, sai mutanen Madina suka ce saboda rasuwarsa ne. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa ya gyara musu, ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa yin husufi saboda mutuwar wani ko rayuwarsa, idan an ga haka a roƙi Allah a yi salla. Ka lura cewa maganar mutanen girmamawa ce ga ɗansa, shi kuma yana cikin zafin rashi, amma duk da haka bai bar ta ta wuce ba. Idan ba a yi husufi don ɗan Annabi ba, ban ga yadda za a yi shi don attajirin garinku ba, Allah Ya jiƙansa.

Bayanin da yaron ya yi daidai ne. Wata yana yin husufi idan ƙasa ta shiga tsakaninsa da rana, shi ya sa ba a ganin haka sai a tsakiyar watan Musulunci, lokacin da wata ya cika. Rana kuwa tana yin nata idan wata ya gitta tsakaninta da ƙasa, wanda ba ya faruwa sai a ƙarshen wata. Abin da ya hana a riƙa yin husufi kowane wata shi ne hanyar da wata ke bi ta karkace da kimanin digiri 5 daga wadda ƙasa ke bi wajen kewaya rana, saboda haka galibi inuwar takan wuce ta sama ko ta ƙasa. Tun zamanin Babila masu lura da sama suka gano cewa husufi yana maimaita kansa bayan shekara 18 da kwana 11, kuma malaman falaki Musulmi irin su Al-Battani, wanda ya rasu a 929, da Ibn Yunus na Misira, wanda ya rasu a 1009, sun auna husufi sun rubuta lokutansa. Ibn Taimiyya ma ya bayyana cewa sanin lokacin husufi ta hanyar lissafi ba ya cikin da'awar sanin gaibu. Aya ta 5 a Suratur Rahman kuwa ta ce rana da wata bisa lissafi suke tafiya.

Kai da kake Gusau ma ba ka buƙatar tafiya da nisa neman shaida. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006 gari ya yi duhu da hantsi a Gusau da Katsina da Maraɗi da Damagaram, kuma an sanar da ranar da mintin tun kafin ta zo. Yanzu haka a rubuce yake cewa ranar 2 ga Agusta 2027 rana za ta rufe gaba ɗaya a kan Jidda da Makka. Shin mai wa'azinku zai ce zunuban masu ɗawafi ne?

Kada a fahimce ni a karkace. A wata riwayar an ce Allah Yana tsoratar da bayinsa da husufi, shi ya sa aka shar'anta salla da addu'a da sadaka da istigfari, kuma lissafin masana bai ɗauke ko ɗaya daga cikinsu ba. Kalandar da ke rataye a masallaci ta san mintin da rana za ta faɗi a watan gobe, hakan bai rage wa Magariba komai ba. Inda mai wa'azin ya zame shi ne ɗaure husufi ɗaya a wuyan gari ɗaya, alhali husufin wata rabin duniya ke ganinsa a dare guda. Sa'an nan a gari mai girman Gusau da wuya a yi mako biyu wani sananne bai rasu ba, gobarar kasuwa kuwa kowane hunturu sai an ji labarinta. Wanda ya tashi neman musiba bayan husufi lallai zai same ta, domin tana nan ko an yi husufi ko ba a yi ba. Abin da ba ya ƙirgawa shi ne gobarar da aka yi a shekarun da wata bai yi zazzaɓi ba.

Na tsawaita ne saboda wannan fahimta ta taɓa jawo ɓarna. A watan Janairun 2001, bayan wani husufin wata, matasa sun fita a Maiduguri sun ƙona otal-otal da mashaya da dama da sunan su ne suka jawo shi, alhali an ga wannan husufin a daren a Makka da Madina da Landan. Ka kira yaron ka lallashe shi, idan an sake yi kuma ku tafi sallar husufi tare.

Tambaya: Malam, barka da aiki. Maigidana ya hana a ɗiga wa yaranmu maganin shan inna. Ya ce idan da gaske taimako ne, me ya sa ake bin mu gida-gida da shi kyauta, alhali idan zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro sai mun biya kuɗi a asibiti? Ya ce an sa abin hana haihuwa a ciki, kuma ai an ga abin da Turawa suka yi wa yaran Kano a baya. Ni na rasa abin da zan ce masa.
Daga wata uwa, Fagge, Kano.

Amsa: Hajiya, kada ki fara da cewa maigidanki bai san komai ba, domin rabin maganarsa tarihi ne tabbatacce. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani bincike da ya shafi yara 200, yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa, aka yi shekaru ana shari'a a kan ko an nemi iznin iyaye yadda ya kamata, har a 2009 aka yi sulhu da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. A Pakistan ma hukumar leƙen asirin Amurka ta fake da rigakafin ciwon hanta a 2011 wajen neman Usama bin Laden. Wanda ya san waɗannan yana da dalilin yin tambaya.

Sai dai dalilin yin zargi daban ne da tabbatar zargin. Cewa wani kamfani ya yi laifi da wani magani bai nuna abin da ke cikin wani maganin daban ba, kuma zargin hana haihuwa abu ne da ake iya gwadawa, an kuwa gwada. A 2003 jihohin Kano da Zamfara da Kaduna sun dakatar da rigakafin saboda wannan zargi, Kano ba ta dawo ba sai a watan Yulin 2004, bayan an tura kwamitoci sun yi bincike aka kuma samo maganin daga Indunusiya, ƙasar da ta fi kowace yawan Musulmi a lokacin. Jariran da aka ɗiga wa a waɗancan shekarun yau su ne amare da angwaye da masu goyo. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa mace a Arewa maso Yamma tana haihuwar 'ya'ya fiye da shida a matsakaici, adadin da ya fi na kowane yanki a Nijeriya. Idan makircin hana haihuwa ne, to ba a taɓa ganin makircin da ya gaza irinsa ba. Abin da dakatarwar ta haifar kuwa a bayyane yake: cutar ta bazu daga nan zuwa ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita, har da Yaman da Indunusiyar kanta.

Tambayar kyauta ita ce mafi ƙarfi a maganarsa, kuma tana da amsa. Ƙwayar shan inna ba ta rayuwa sai a jikin mutum, saboda haka idan aka katse ta a ko'ina ta tafi ke nan har abada, kamar yadda aka yi wa agana, wadda aka sanar da ƙarewarta a 1980; dattawanmu har yanzu suna da tabon lamba a damtse. Ƙasashe masu arziki suna zuba kuɗi ne domin muddin cutar tana wani wuri su ma ba su tsira ba, wato akwai son kai a ciki, amma son kai ne da mu ma yake yi mana amfani. Lokacin da aka fara wannan yaƙi a 1988 cutar tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125, ranar 25 ga Agusta 2020 kuwa aka tabbatar Afirka ta rabu da asalin ƙwayar. Zazzaɓin cizon sauro ba ya katsuwa da ɗigo biyu, saboda sauro ke yawo da shi. Dalilin da ya sa har yanzu ake yawo gida-gida shi ne ɗigon yana ɗauke da ƙwayar da aka raunana, kuma a wuraren da yara da yawa ba su karɓa ba takan daɗe tana zagayawa har ta sake yin ƙarfi. Gidan da ya ƙi karɓa shi ke ba ta wurin zama.

Fushinsa a kan asibitin da babu magani fushi ne na gaskiya, amma kansila da ɗan majalisa da gwamna ya kamata su ji shi, ba ƙafar yaronku ba. Ki nemi wani da yake jin maganarsa, limami ko mai unguwa ko yayansa, ya zauna da shi a kan waɗannan bayanai.

Tambaya: Malam, a majalisarmu har yanzu akwai masu cewa marigayi Shugaba Buhari ya rasu tun 2017, wani Jibrin daga Sudan ne ya ƙarasa mulkin. Sun nuna mini hotuna biyu, a ɗaya yana rubutu da dama, a ɗayan da hagu. Da na ce ai shi da kansa ya ƙaryata, sai suka ce dama me ake so ya ce? Gaskiya biri ya yi kama da mutum.
Daga wani ɗalibi, Zariya.

Amsa: Ɗana, ka yi wa abokanka tambaya ɗaya: wane abu ne idan suka gan shi za su yarda cewa sun yi kuskure? Da ya yi shiru sun ce shirun hujja ne, da ya yi magana a Foland a watan Disambar 2018 ya ce shi ne da kansa sun ce musun hujja ne, da iyalinsa suka ci gaba da zama da shi sun ce an saye su. Maganar da kowace amsa ke ƙara mata ƙarfi ba bincike ba ce, domin mai ita ya yanke hukunci kafin ya saurari shaida. Tushen jita-jitar shi ne jinyar fiye da wata uku da ya yi a Landan a 2017 ba tare da an faɗa wa 'yan ƙasa ciwon da ke damunsa ba, kuma wannan ɓoyon laifin gwamnatinsa ne. Nnamdi Kanu, jagoran masu fafutukar kafa Biyafara, da magoya bayansa suka cike gurbin da labarin Jibrin. Ka ƙirga kuma mutanen da za su riƙe sirrin: matarsa, 'ya'yansa, abokan aikinsa na soja, mutanen Daura da suka san shi tun yana yaro, har da waɗanda suka ɓata da shi suka koma adawa, waɗanda babu abin da zai fi musu amfani a zaɓen 2019 kamar tona wannan asiri. Masu cewa an kwafe shi ne a ɗakin gwaji su tuna cewa tunkiyar nan Dolly da aka kwafa a 1996 jaririya aka haife ta, ba a fitar da dattijo mai shekara 74 daga kwalba. Buhari ya rasu a Landan ranar 13 ga Yuli 2025, aka binne shi a Daura bayan kwana biyu.

Wanda bai ji daɗin mulkinsa ba yana da abin faɗa ba sai ya je Sudan ba: ƙarin kuɗin fetur daga kimanin naira 87 zuwa 145 a 2016, rufe iyakoki a 2019, wahalar canjin kuɗi a farkon 2023, da ta'adin 'yan bindiga a Zamfara da Katsina.

Batun hoton kuwa mai sauƙi ne. Kowace waya tana iya juya hoto kamar madubi, dama ta koma hagu cikin daƙiƙa guda. Ka duba rubutun da ke bango ko a kan takarda ko tambarin da ke bayansa. Idan haruffan a juye suke, to hoton ne aka juya. Sa'an nan ka ɗora shi a Google Lens, manhajar binciken hoto, ka ga inda aka fara wallafa shi da ranar, domin sau da yawa za ka tarar da asalinsa a shafin wata jarida yana riƙe da alƙalamin da hannun dama.