Amsa ga mai tambaya kan aikin sa-kai a ƙamus ɗin Xobdo

Assalamu alaikum. Ƙaninmu da ke karatu a Guwahati, babban birni a jihar Assam ta Indiya, ya ce abokinsa ɗan jihar Assam ya gayyace shi aikin sa-kai a Xobdo, ƙamus ɗin intanet na harshen Assam, alhali harshen bai gama zama masa a baki ba. Yana tambaya ko akwai abin da zai iya tsinana musu. Na yi karatu a can kuma na sa hannu a aikin, don haka ga abin da na sani.

Ƙanina, ka shiga. Amma ka san irin wurin da za ka. An buɗe Xobdo a watan Maris na 2006, wani injiniya mai suna Bikram Baruah ne ya kafa shi, kuma tun daga lokacin 'yan sa-kai ne ke ɗauke da shi, ba a biyan kowa ko sisi. Ya fara da harshen Assam da Turanci, daga baya aka buɗe wa su Bodo, Mising, Karbi, Dimasa, Khasi da sauran harsunan arewa maso gabashin Indiya ƙofa.

Harshen Assam kansa ba maraya ba ne. Masu magana da shi sun kai miliyan 15 a ƙidayar 2011. Wani ɗan mishan Ba'amurke, Miles Bronson, ya fitar da ƙamus ɗin harshen tun 1867, ƙamus ɗin Hemkosh na Hemchandra Barua ya fito a 1900, a 2024 kuma gwamnatin Indiya ta sa harshen cikin jerin harsunanta masu daɗaɗɗen adabi. Saboda haka kwafo kalmomi daga waɗannan littattafai ba shi ne inda ake buƙatarka ba, akwai 'yan gida da suka fi ka iya wannan. Giɓin yana wajen abin da ba a taɓa rubutawa ba. Daidaitaccen harshen an gina shi ne a kan karin gabas, na yankin Sivasagar, don haka kalmomin mutanen Kamrup da Goalpara na yammacin jihar da yawa suna bakin tsofaffi ne kawai. Ƙananan harsunan kuwa abin nasu ya fi haka muni, wasu masu shigar musu da kalmomi ba su wuce a ƙirga da yatsu ba.

A nan baƙo ke da rana. Na raka wani abokina ƙauyensu, kakarsa na zaune gaban masaƙa tana saƙa gamosa, farin ƙyallen nan mai jan baki da suke rataya wa baƙo a wuya don girmamawa. Shi ya tashi yana ganin masaƙar, bai taɓa tunanin tambayar sunan komai a jikinta ba. Ni da ban sani ba sai na riƙa nuna kowane ƙarfe da itace ina tambaya, tsohuwar na faɗa tana ci gaba da jefa ƙoshiya, shi yana rubutawa. Da muka koma ya duba, wasu daga cikin sunayen babu su a ƙamus ɗin. Shi ya shigar da su da harshensa, ni na taya shi gyara bayanin Turanci. Wannan rabon aikin nake ba ka shawara ku yi da abokinka.

Ka kiyaye abu biyu. Kada ka shigar da kalmar da ka ji sau ɗaya a bakin mutum ɗaya. Ka sake tambayar wani daga wani gari, ka rubuta inda ake faɗinta, ka kuma nemi a sa maka ita cikin jimla, domin ma'ana tsurarta ba ta nuna yadda ake amfani da kalma. Idan waɗanda suka daɗe a aikin suka gyara maka, ka bi dalilinsu a hankali, a nan za ka fi koyon harshen.

Na biyu shi ne rubutu. Baƙaƙen Assam da na Bengali kusan ɗaya ne, a Unicode, tsarin baƙaƙen kwamfuta, ma rukuni ɗaya suke, amma Assam na da ৰ da ৱ nata. Idan ka yi amfani da allon rubutun Bengali sai র ta shige maka a madadin ৰ, mai neman kalmar kuma ya rasa ta. Mu da muka sha ganin ƙasa ta koma kasa saboda rashin ƙugiya mun san wannan ciwon. Mutanen Assam ba sa wasa da zancen nan ko kaɗan, don yana taɓa musu tsohon miki: daga 1836 zuwa 1873 Turawan mulki Bengali suka ɗora musu a makarantu da kotuna. Ka sa abokinka ya saita maka allon rubutun Assam a wayarka tun kafin ka buɗe asusu.

Game da lokaci, kada ka bari ya ci maka karatun da ya kai ka. Awa ɗaya ko biyu a ƙarshen mako ta isa, kuma lokacin hutun Bihu, bikin sabuwar shekararsu na watan Afrilu, da abokai ke komawa ƙauye, ka bi ɗaya daga cikinsu da littafi da biro. Idan ka fara ka dawo nan ka ba mu labari. Allah Ya ba da sa'a.