Alimun da Warin Hammata

Tambaya: Turaren hammata na kanti yana sa mini ƙaiƙayi, musamman da bazara. Shin akwai wanda zan iya haɗawa a gida? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: 'Yar'uwa, gumi shi kaɗai ba ya wari, ƙwayoyin bakteriya da ke kan fata ne suke sa shi ɗoyi, don haka su za ki yaƙa. Ki daka alimun, irin wanda ake tace ruwa da shi, ki narkar da ƙaramin cokali 1 a rabin kofin tafasasshen ruwan da ya huce, ki riƙa shafawa bayan wanka. Ina roƙonki ki guji lemun tsami, domin yana ƙona fata, balle bayan aski. Idan ƙuraje suka fito, ki dakata ki ga likita.