Kafin ka sa hannu a takardar jami'ar da ake bincika

Ƙanina, na karanta saƙonka. Ka ce kocin wata jami'a a nan Amurka ya ga bidiyonka, ya yaba da ƙirarka da gudunka, ya yi maka alkawarin gurbin karatu kyauta idan za ka buga musu ƙwallon Amurka. Sai kuma ka ji ana cewa NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'in Amurka, tana binciken jami'ar, kake tambaya ko abin zai shafe ka tunda ba ka nan aka yi laifin.

Zai shafe ka. Abin da ya fi ci mini rai a tsarin nan ke nan: bincike yakan ɗauki shekaru, kafin a yanke hukunci masu laifin sun kama gabansu, sai sandar ta sauka a kan yaran da suka zo daga baya.

Dubi jami'ar USC da ke Los Angeles. An samu ɗan wasanta Reggie Bush da iyalinsa da karɓar kuɗi da alfarma daga masu neman zama dillalansa. Hukuncin bai fito ba sai a watan Yunin 2010: shekara biyu babu wasannin ƙarshen kaka, aka kuma zaftare guraben karatu 30 cikin shekara uku. A lokacin Bush ya daɗe yana ɗibar albashi a gasar ƙwararru ta NFL, kocin USC Pete Carroll kuma ya koma ƙungiyar Seattle ta NFL tun watan Janairu. Guraben nan 30 fa 'ya'yan mutane ne irinka, waɗanda da sun yi karatu ba tare da iyayensu sun biya ko sisi ba.

Na jami'ar Penn State ya fi muni, don can ba maganar kuɗi ba ce. Tsohon mataimakin koci, Jerry Sandusky, ya shafe shekaru yana lalata da ƙananan yara maza, manyan jami'ar suka ji ƙishin-ƙishin ba su kai wa hukuma ba. A Yulin 2012 aka zo da motar ɗaga kaya aka cire gunkin koci Joe Paterno daga gefen filin wasa, washegari NCAA ta ci jami'ar tarar dala miliyan 60 da haramcin wasannin ƙarshen kaka na shekara huɗu. Wallahi ban ga laifin tsananta wa shugabannin ba, yaran da aka cuta sun cancanci fiye da haka. Amma 'yan wasan da ke ƙungiyar a lokacin fa? An ba su damar sauya makaranta nan take, har kociyoyin wasu jami'o'i suka yi dafifi a garin suna zawarcin gwanayen. Wanda bai yi suna ba babu mai nemansa. A 2014 aka ɗage haramcin.

Mafi tsanani shi ne na jami'ar SMU a Dallas, inda aka soke kakar 1987 gaba ɗaya saboda biyan 'yan wasa a ɓoye, ba su kuma buga ta 1988 ba. Gwamnan Texas na lokacin, Bill Clements, ya amsa da bakinsa cewa da amincewarsa aka ci gaba da biyan kuɗin sa'ad da yake shugabantar kwamitin jami'ar. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

Gaskiya abin ya fara sauyawa. A 2023 an ci jami'ar Tennessee tarar dala miliyan 8 ba tare da hana yara wasa ba, aka sa wa tsohon kocinta, Jeremy Pruitt, takunkumi kan aikin koci na shekara shida. Wannan ya fi kusa da adalci.

Sai dai kai matsayinka daban ne da na ɗan ƙasa. Shi idan abu ya ɓaci, gidan uwarsa zai koma. Kai kuwa bizarka ta ɗalibi (F-1) a rataye take da takardar I-20, wadda aka rubuta sunan makarantar da inda kuɗin karatunka zai fito. Gurbin ya tafi, sai ka nuna wata hanyar biya ko ka samu wata jami'ar ta ba ka sabuwar takarda. Kuma ko da yake tun 2021 an bar 'yan wasa su ci kuɗin talla da sunansu, dokar biza ta takura wa baƙo a nan, kada ka dogara da wannan.

Don haka alkawarin baki ko na WhatsApp kada ya sa Baba ya sayar da fili. Ka nemi takardar tallafin a rubuce, ka duba ta shekara ɗaya ce da ake sabuntawa ko ta shekara huɗu, da abin da ta ce idan ka ji rauni ko aka kori kocin. Ka rubuta wa ofishin ɗaliban ƙasashen waje na jami'ar da kanka, ban da ofishin wasanni, ka tambaye su makomar bizarka idan aka rage gurabe. Duk wanda ya miƙo maka ambulan ko tikitin jirgi ta bayan fage, ka ce ka gode, ka bar masa abinsa. Ka kuma fara rajista da cibiyar tantance 'yan wasa ta NCAA da sakamakonka na WAEC tun yanzu, don ko wannan jami'ar ta faɗi kana iya neman wata.

Idan takardar ta iso, ɗauko hotonta shafi-shafi ka turo mini mu duba tare kafin ka sa hannu. Ka gaida Baba da Inna.